TURANCIN WURIN AIKI: KALMOMIN DA YA KAMATA KOWANE GIDA YA SANI

Gabatarwa

Darasinmu na wannan karo a kan Turanci ne. Za mu duba kalmomin da ma'aikaci yake gamuwa da su tun daga ranar da ya rubuta takardar neman aiki har zuwa ranar da ya ajiye aikin.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne wani abu da ya sami ɗan maƙwabcina shekarun baya. Saurayin ya yi shekara 7 yana gadi a wani kamfani. Sa'ad da kasuwa ta ja baya, aka tara su aka ce za a rage ma'aikata, aka kuwa miƙa wa kowa takarda ya sa hannu domin a shirya masa haƙƙinsa. Ya sa hannu, ya koma gida yana jira. Da wata biyu suka wuce bai ga ko kwabo ba, sai ya kawo mini kwafin takardar ya ce, "Baba, don Allah duba mini wannan." Layin farko yana cewa: "I hereby resign my appointment." Wato shi da kansa ne ya ajiye aikin. Yaron ya gama sakandare, ya iya karatu, ya kuma san cewa "resign" tana da alaƙa da barin aiki. Abin da bai sani ba shi ne, tsakaninsa da kamfanin wa ya bar wani. Da ƙyar, bayan kai da kawowa, suka ba shi albashin wata ɗaya.

A Hausa mukan ce "ya bar aiki" ko "an sallame shi", sa'an nan mu gane sauran daga labari. Turancin ofis kuwa ya ba kowace ƙofa sunanta, kowane suna kuma yana da abin da yake jawowa aljihun mutum. Da yake da Turanci ake rubuta takardun aiki a Nijeriya, sanin waɗannan kalmomi ya zama wani sashe na kare abincin iyali.

1. Aiki ɗaya a Hausa, sunaye da yawa a Turanci

"Work" ita ce uwa. Tana nufin duk abin da mutum yake yi da ƙarfinsa ko basirarsa, ko ana biya ko ba a biya. Matar da ta wuni tana surfe da wanki ta yi "work". "Job" kuwa gurbi ne takamaimai wanda ake biyan mutum dominsa. Ana ƙirga "job", amma ba a ƙirga "work". Saboda haka daidai ne a ce "I am looking for a job" ko "I am looking for work". Amma "I am looking for a work" kuskure ne, yana kuwa yawan fitowa a takardun yaranmu.

"Career" ita ce doguwar hanyar da mutum ya bi a rayuwarsa ta aiki. Malamar da ta koyar a makarantu huɗu cikin shekara 30 ta riƙe "job" huɗu, amma "career" ɗaya gare ta. "Profession" aiki ne mai bukatar dogon karatu da rajista, kamar na likita, lauya ko injiniya. "Trade" sana'ar hannu ce da ake koya a wurin maigida, kamar kafinta, ɗinki ko walda, mai koyonta kuma shi ne "apprentice". "Occupation" ita ce kalmar da ake samu a fom. Manomi ya rubuta "farmer", mai saye da sayarwa ta rubuta "trader". Kada a bar wurin fili don ana ganin aikin ofis kaɗai ake nufi. "Vocation" ko "calling" ita ce kira, wadda muka saba ji a ikilisiya. Turawa sukan yi amfani da ita ga nas ko malamin makaranta wanda ya ɗauki aikinsa da zuciya ɗaya.

Hausa ta riga ta haɗiye kalmomi da dama daga wannan fanni: lebura daga "labourer", masinja daga "messenger", tela daga "tailor", kwangila daga "contract", alawus daga "allowance", fansho daga "pension". Wannan taimako ne ga mai koyo, sai dai ya kula da rubutunsu na asali.

Ga wata ƙa'ida mai sauƙi. Kalmar da ta ƙare da "er" tana nuna mai aikatawa, wadda ta ƙare da "ee" tana nuna wanda aka yi wa. "Employer" shi ne mai ɗaukar aiki, "employee" wanda aka ɗauka. Haka "interviewer" da "interviewee", "trainer" da "trainee". "Staff" kuma dukan ma'aikata ne a dunƙule. Mutum ɗaya "a member of staff" ne, ba a kuma cewa "staffs".

2. Sa'ad da ake neman aiki

"Vacancy" gurbi ne da babu kowa a ciki. "Application" ita ce takardar neman aiki, mai rubuta ta kuma "applicant". A nan ƙasar mun mai da "applicant" sunan duk wanda ba shi da aiki, amma a ainihin Turanci wanda ya nemi wani gurbi ne. Marar aiki shi ne "unemployed". "CV" taƙaitaccen tarihin karatu da aikin mutum ne. "Qualification" takardun shaidar karatu ne, "experience" kuwa ƙwarewar da aka samu a bakin aiki. Idan an "shortlist" mutum, sunansa ya shiga cikin 'yan kaɗan da aka tace domin intabiyu. Wannan bai nuna an ɗauke shi ba tukuna.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata dattawa su lura da su sosai, gama su ne ake yawan kawo wa fom su cika. "Referee" mai ba da shaida ne kawai: ya san wannan yaro, ya san halinsa. "Guarantor" kuwa mai tsayawa ne. Idan yaron ya gudu da kuɗin kamfani ko ya ɓatar da kaya, ana iya bin wanda ya tsaya masa ya biya, gwargwadon abin da fom ɗin ya ƙunsa. Kafin uba ko dattijo ko fasto ya sa hannu, sai ya duba wace ce a cikin biyun aka rubuta a saman takardar.

3. Takardar ɗaukar aiki

"Offer of appointment" tayi ne. Sai mutum ya amsa da "acceptance" kafin magana ta ƙullu. "Letter of appointment" ita ce takardar ɗaukar aiki, "terms and conditions of service" kuma sharuɗɗan aikin. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗansa kafin wata 3 su cika da fara aiki. Ita dai wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawuna. Manyan ma'aikata da ƙwararru, abin da aka rubuta a takardarsu shi ne madogararsu, don haka kowa ya adana tasa kamar takardar fili.

A cikin takardar, a nemi kalmar da ta bayyana irin aikin. "Permanent and pensionable" aiki ne na dindindin mai fansho. "Contract" aiki ne mai wa'adi, wanda yake ƙarewa ranar da aka rubuta sai in an sabunta. "Casual" ɗan aikin wucin gadi ne, wanda galibi ake biya bisa ga kwanakin da ya yi. "Probation" lokacin gwaji ne. A aikin gwamnatin tarayya shekara 2 ne, a kamfanoni kuwa yakan zama wata 3 ko 6. Bayansa sai "confirmation", wato tabbatarwa. Mutane da yawa sukan yi shekaru suna aiki ba su taɓa neman takardar tabbatarwa ba, sai ranar da rigima ta tashi su tarar har yanzu a matsayin 'yan gwaji suke.

A aikin gwamnati za a ga "grade level" da "step". Na farko shi ne mataki, daga 01 zuwa 17, tsarin da ya samo asali daga rahoton kwamitin Udoji na 1974. Na biyu ƙaramin hawa ne a cikin matakin, wanda yake kawo "increment", wato ƙarin shekara-shekara. "Promotion" ƙarin girma ne zuwa mataki na gaba. "Acting" riƙon ƙwarya ne. "Transfer" ko "posting" sauyin wurin aiki ne, "secondment" kuma aron ma'aikaci zuwa wata hukuma na ɗan lokaci. Wanda ya fara sabon aiki "assume duty" ya yi. Wanda ya dawo daga hutu shi ne ya yi "resume duty". "With effect from" tana nufin "daga ranar", wannan rana kuwa ita ce ake lissafin kuɗi da ita.

4. Kalmomin kuɗi

"Salary" albashi ne tsayayye da ake biya wata-wata. "Wage" lada ce da ake lissafawa bisa ga awa, yini ko mako. "Minimum wage" shi ne albashi mafi ƙaranci da doka ta yarda da shi: naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, sai naira 70,000 a 2024. Dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Inda aka fi ruɗewa shi ne tsakanin "gross" da "net". "Gross pay" shi ne jimillar kuɗi kafin a cire komai, wato "basic salary", tushen albashi, haɗe da alawus irin na gida da na sufuri. "Deductions" su ne abubuwan da ake cirewa: haraji, wanda ake rubutawa "PAYE", kuɗin fansho, kuɗin ƙungiyar ƙwadago, da bashi in akwai. Abin da ya rage shi ne "net pay" ko "take-home pay", kuɗin da yake shiga hannu.

A ƙara da "per annum", wato a shekara. A ce takarda ta rubuta "N1,200,000 gross per annum". Yaro yana gani sai ya ruga gida da murna ya ce ya sami aikin miliyan. A gaskiya naira 100,000 ne a wata, ba a kuma cire komai ba tukuna. Idan a kan dukan kuɗin ake lissafa fansho, naira 8,000 za ta fita kafin a zo ga haraji. Duk wanda zai kama hayar gida ko ya sa ranar aure, da "net" zai yi lissafi.

"Pay slip" ita ce takardar da take nuna wannan lissafi kowane wata, ya kamata a riƙa karɓa ana ajiyewa. "Arrears" kuɗin baya ne da ma'aikaci yake bi. "Overtime" ladan aikin da ya wuce lokaci ne. "Salary advance" kuwa bashi ne daga albashin gaba, ba kyauta ba.

5. Hutu

"Leave" hutu ne da izini. "Annual leave" hutun shekara ne. Dokar Ƙwadago ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki aƙalla kwanakin aiki 6 da cikakken biya. "Sick leave" hutun rashin lafiya ne, har kwanakin aiki 12 a shekara idan likita ya ba da shaida. "Maternity leave" hutun haihuwa ne, mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta a ƙarƙashin wannan doka, ko da yake wasu wurare suna ba da fiye da haka. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da "paternity leave" na kwana 14 ga ma'aikatanta maza. Wanda ya tafi ba da izini ba, ko da jana'iza ce ta kai shi ƙauye, za a rubuta masa "absence without leave", babban laifi ne kuwa a ofis.

6. Horo

"Query" takardar tuhuma ce da take neman ma'aikaci ya bayyana dalilin da zai hana a hore shi. Ba hukunci ba ce tukuna, dama ce ta kare kai. A amsa ta a rubuce, da ladabi, cikin wa'adin da aka sa a jikinta, a kuma riƙe kwafi. Yin shiru saboda fushi daidai yake da amsa laifi. "Warning" gargaɗi ne da yake shiga fayil. "Misconduct" rashin ɗa'a ne, "gross misconduct" kuma babban laifi irin sata ko zamba. A lura cewa "gross" a nan tana nufin mai tsanani, dabam da wadda muka gani a albashi.

A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya akwai dakatarwa iri biyu. "Interdiction" dakatarwa ce da rabin albashi yayin da ake bincike ko shari'a. "Suspension" dakatarwa ce wadda albashi yake tsayawa. A dukansu mutum yana nan a matsayin ma'aikaci, ba a kore shi ba.

7. Ƙofofin fita

Ga inda ɗan maƙwabcina ya yi tuntuɓe. Ƙofofi biyar ne, sai a riƙe su da kyau.

"Resignation" murabus ne. Ma'aikaci ne ya ce ya bari, don haka shi ne zai ba da sanarwa, ba ya kuma samun kuɗin da ake ba wanda aka rage.

"Termination" ita ce kawo ƙarshen yarjejeniya bisa ga sharuɗɗanta. Idan mai aiki ne ya yi, sai ya ba da "notice", wato sanarwa. Dokar Ƙwadago ta ƙayyade mafi ƙarancinta: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. "Salary in lieu of notice" shi ne kuɗin da ake biya a maimakon sanarwar.

"Redundancy" ko "retrenchment" rage ma'aikata ne domin aiki ya ragu, ba don wani laifi ba. Doka ta ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata, a bi ƙa'idar "last in, first out", wato na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita, tare da duba ƙwazo da cancanta, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama. Wannan ita ce ƙofar da ta dace da mai gadin nan, amma aka bi da shi ta ƙofar murabus.

"Dismissal" kora ce saboda laifi. Ita ce mafi muni, gama tana ɓata suna, a aikin gwamnati kuma takan sa mutum ya rasa haƙƙoƙin sallama. "Summary dismissal" kora ce nan take ba sanarwa. "Sack" da "fire" kalmomin baka ne, ba su bambanta kora da sallama, saboda haka a nemi takarda a ga ainihin kalmar da aka rubuta.

"Retirement" ritaya ce. A aikin gwamnati shekara 60 da haihuwa ne ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. "Voluntary retirement" ta son rai ce, "compulsory retirement" ta dole.

Har wa yau a kula da jimlar nan: "in full and final settlement". Wanda ya sa hannu a ƙarƙashinta ya yarda cewa abin da aka ba shi ya share dukan abin da yake bi. Idan lissafin bai cika ba, kada a sa hannu. Wanda aka zalunta yana iya zuwa wurin ƙungiyarsa, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago, ko kotun ma'aikata ta ƙasa, wato National Industrial Court, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa wa shari'o'in aiki.

8. Bayan aiki

"Pension" kuɗi ne da ake biya a kai a kai bayan ritaya. "Gratuity" kuɗi ne dunƙule da ake biya sau ɗaya, samunsa kuwa ya danganta ga sharuɗɗan wurin aiki. A 2004 Nijeriya ta kawo tsarin fansho na karo-karo, aka sabunta dokar a 2014. A ƙarƙashinta ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aiki kuma kashi 10, cikin asusun da ake kira "Retirement Savings Account". Asusun na ma'aikaci ne, yana binsa ko ya sauya wurin aiki. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin 100. Wasu jihohi suna bin nasu tsari, don haka ma'aikacin jiha ya tambayi wanda ya shafe shi.

Kalma ta ƙarshe ita ce "next of kin". Mutane da yawa suna ɗauka magaji take nufi. Ainihinta shi ne ɗan'uwa mafi kusa wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Kafin a saki kuɗin mamaci, akan nemi "will", wato wasiyya, ko "letters of administration", takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Maza da yawa sun rubuta sunan ƙane tun suna samari, suka yi aure suka haihu ba su sauya ba, suka bar gwauraye da marayu cikin wahala. Maigida, a duba fayil.

Tambayoyi Domin Tattaunawa a Gida

1. Mene ne bambancin "referee" da "guarantor"? Wanne ne yake iya taɓa aljihun mai sa hannu?

2. An rubuta wa 'yarku "N960,000 gross per annum". Nawa ne a wata, me kuma za a cire?

3. Direba ya yi shekara 3 a kamfani, aka ba shi takardar "termination". Sanarwar kwana nawa doka ta ba shi?

4. Ku fassara: "Your appointment is hereby confirmed with effect from 1st March."

5. Sunan wa ke rubuce a matsayin "next of kin" a takardun maigida da na uwargida?

Kammalawa

Muna roƙon kowane gida ya keɓe yamma ɗaya, a fito da takardar ɗaukar aiki da takardar albashi ta uba ko uwa ko ɗa, a karanta su tare layi-layi, a ja layi a ƙarƙashin kowace kalma da ta fito a wannan darasi. Yaran da suke makaranta su karanta Turancin, manya su bayyana abin da suka gani a rayuwa, kowa ya ƙaru da wani. Idan kuwa aka miƙo maka takarda a wurin aiki aka ce sa hannu, ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Please allow me to read it first," wato a ba ka dama ka karanta tukuna. Ka tafi da ita gida, ka nuna wa wanda ya sani. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya albarkaci aikin hannuwanku.